Keke a fili, ƙafa a dutse: amsa ga mai son zaga arewacin Kamaru

Wani ƙanena malamin makaranta a nan Garwa ya aiko mini da tambaya. Ya sayi keken gwanjo mai giya, irin mai kaurin tayar nan, kuma shi da abokansa uku suna son su kashe hutun Disamba wajen zaga ƙasarsu, wani wuri a keke, wani wuri a ƙafa. Ransu ya fi karkata ga Rumsiki, ƙauyen nan mai tsaunuka da ke kusa da iyakar Nijeriya. Yana son ya san inda hanyoyin suke, wanne ya fi tsakanin keke da ƙafa, da abin da za su riƙa. Ya ƙara da cewa a gida dariya ake yi masa, wai mai albashi da babur ya koma taka feda kamar ɗan aike.

Malam, dariyar gida kada ta dame ka. Mu nan tafiyar ƙasa alamar rashi ce a idon mutane, shi ya sa wanda ya samu babur ko masallacin unguwa ba ya zuwa da ƙafa. Na yi shekaru ina yi wa baƙi ja-gora a duwatsun nan, kuma abin da ya fi ba ni kunya shi ne mutum ya taso tun daga Faransa ya san kwazazzabon Kola, ya san duwatsun Alantika, maƙwabcina kuwa da aka yanke wa cibi a Garwa bai taɓa hawa dutsen Tingilin ba, alhali kullum ya ɗaga kai sai ya gan shi.

Abin da kake gani a bidiyon ƙasashen Turai, hanya ta musamman da aka share wa masu yawo, da allo da kibiya da fenti a jikin itace, ba shi za ka tarar ba. Duk 'yar siririyar hanyar da za ka bi a nan tana da masu ita. Ta gona ce, ko ta rijiya, ko ta kasuwa, ko burtalin shanu. Wata ta maƙabarta ce, wata kuma ta wurin tsafi da ba a yarda baƙo ya taka ba. Taswirar waya za ta nuna maka kwalta da manyan hanyoyin burji, amma ba za ta gaya maka cewa ruwan bara ya cinye mashigin wancan mayo, wato rafi, ba, ko cewa mai gonar nan ya toshe hanyar da ƙaya tun da aka yi masa ɓarna. Wannan sai mutanen wurin. Saboda haka duk ƙauyen da za ku bar kekuna ko ku fara hawa daga cikinsa, ku fara neman ƙofar jauro ko lawan, wato mai garin. Ku sauka daga keke tun daga nesa, ku cire tabarau, ku yi gaisuwa cikakkiya. Fillanci ne harshen kasuwa a duk yankin, to a sa wanda ya fi ku iya shi a gaba. Ku faɗi ko ku su waye, inda kuka fito, inda za ku, da lokacin da za ku dawo. Goro kaɗan ko 'yan sefa na shayi sun isa. Shi zai haɗa ku da saurayin da ya san dutsen, ku kuma ku yi cinikin ladansa kafin a ɗaga ƙafa, ba sai an dawo a gajiye ana musu a gaban jama'a ba. A zamanin nan da kowane ƙauye ke da 'yan banga, samari huɗu baƙi da jakunkuna a baya suna ratsa daji ba sallama, kun san irin fassarar da za a yi muku.

Maganar keke ko ƙafa, ƙasar ce ke zaɓa, ba kai ba. Inda jar ƙasa ce mai tauri, keke sarki ne: kana cin kilomita 12 zuwa 15 a awa ba tare da ka wahala ba, mai ƙafa kuwa yana fama da 4. Inda yashi ne ko dutse, keke kaya ne da za ka ɗauka. Na koyi wannan da kunya. Wata shekara na yi taurin kai na ce sai na haye wani tudu a ƙasar Mafa da kekena. Su Mafa sun yanka jikin dutsen gaba ɗaya hawa-hawa, kowane mataki da 'yar katangar duwatsu da aka jera da hannu ba laka ba siminti, don ta riƙe ƙasa kada ruwa ya tafi da ita. Ina turawa ina haki, tayar baya ta zame ta daki katanga ɗaya, duwatsu huɗu ko biyar suka gangaro cikin gonar ƙasa. Wata tsohuwa da ke tsintar karan dawa ta miƙe, ba ta ce da ni uffan ba. Ta zo ta tsuguna, ta ɗauki duwatsun ɗaya bayan ɗaya, tana jujjuya kowanne a hannu har ta gane fuskar da yake kwanciya a kai, ta mayar. Na sunkuya zan taya ta, ta ture hannuna. Tun daga ranar ban sake hawa gonakin dutse da keke ba. A ajiye shi a gidan jauro, a hau da ƙafa.

Da ni ne ku, ba da Rumsiki zan fara ba. Zan fara da abin da ke bakin ƙofa. Pitowa kilomita 15 ne ko ɗan fiye daga Garwa, kasuwarta na ci ranar Lahadi, kuma zuwa da dawowa ya isa ya nuna muku wanda sirdinsa bai yi masa daidai ba da wanda birkinsa ke kuka. Tingilin kuma na ƙafa ne. Dutse ne mai shimfiɗaɗɗen kai kamar faifai, hawansa gajere amma a tsaye, kuma daga sama za ka ga Binuwai kwance yana sheƙi da gonakin bakin kogi. Bayan haka sai hanyoyin auduga. Kamfanin Sodecoton, wanda hedkwatarsa ke nan Garwa, yana gyara hanyoyin karkara masu yawa don motocinsa su kwaso auduga, kuma a ganina babu hanyar da ta kai su daɗin keke a duk jihar Arewa. Aibinsu ɗaya: hutunku ya faɗo a lokacin kwasar auduga. Ka ji ƙugin babbar mota a bayanka, sauka gefe ka rufe hanci, ka bar ƙurar ta lafa. Direban da ke cikin ƙurar motar gabansa ba ya ganinka.

Lagdo ya wuce kilomita 50, ta Ngong ake bi. Madatsar ruwan Sinawa ne suka gina ta, aka gama a 1982, kuma tafkin da ta tara ya cancanci kwana ɗaya. Abu biyu dai: kada ku ɗauki hoton madatsar ko gada ko shingen jami'ai, kuma kada zafi ya ruɗe ku ku faɗa ruwa. Akwai dorina, akwai kada, akwai tsargiya a ruwan da ke kwance. Dorina a tudu ta fi ka gudu, kuma mafi munin wuri shi ne ka tsaya tsakaninta da ruwa da sassafe lokacin da take komowa daga kiwo. Idan kun ga faffaɗan sawu mai yatsu huɗu a laka ya nufi kogi, ku canza hanya.

Wurin da na fi so in kai sabon mai tafiyar ƙafa shi ne kwazazzabon Kola, 'yan kilomita kaɗan daga Gidar. Mayo Luti ne ya daɗe yana cin baƙin dutse har ya yi rami mai zurfi, bango hagu bango dama, duk sun yi sumul kamar an goge su da hannu. Da rani kana tafiya a kan yashin gindinsa, wani wurin ka miƙa hannuwa ka kusa taɓa bangon biyu. Da damina kuwa ruwa ne maƙil. A kan wannan ku riƙe doka guda a duk mayon arewa: ruwan da zai cinye mutum ba lallai a kansa aka yi shi ba. Sama na iya zama tas a inda kake, a yi ruwa a kan duwatsu can nesa, bayan ɗan lokaci ya iso kamar bango. A Disamba babu wannan fargaba, amma na san ku, idan abin ya yi muku daɗi za ku so komawa a hutun Yuli.

Idan keke ne ainihin abin da ke ranku, ku ɗora su a kan motar haya ku tafi Ngaundere. Ban ce ku taka ba. Tsakanin Garwa da Ngaundere kusan kilomita 280 ne a babbar hanya mai lamba 1, wadda tireloli masu kai kaya Cadi ke bi dare da rana, ga kuma hawan Mbe mai lanƙwasa da ke tayar da kai daga kwarin Binuwai zuwa tudun Adamawa. Ba wurin koyo ba ne. Wajen lodi ku tsaya a kan kekunan da kanku, a kwantar da su ɓangaren giya yana sama, kada yaran mota su ɗora musu buhun masara. Ngaundere na kan tudu mai tsayin kusan mita 1,100, iska mai sanyi, ƙasa ja mai tauri, tuddai masu gangara a hankali. Dutsen da garin ya ci sunansa, wanda a harshen Mbum ke nufin dutsen cibiya saboda ƙaton dutsen da ke zaune a ƙolinsa, hawan safiya ɗaya ne. Tafkin Tizon, wanda tsohon bakin dutse mai aman wuta ne da ruwa ya cika, da magangarar ruwan Vina, duka suna kusa da gari, ana haɗa su a yini guda. Magangarar Tello ta fi nisa, wajen kilomita 50 ta gabas, kuma tana da kogo a bayan ruwan inda mutum zai tsaya yana kallon ruwa na zuba a gabansa kamar labule. Wannan tafiyar sai an yi sammako, kuma sai an tambaya a gari ko hanyar lafiya, don dajin Adamawa da na wajen Tuboro sun sha fama da zargina, wato 'yan fashin hanya, da masu satar mutane don kuɗin fansa. Ku taho da rigar sanyi. Ɗan Garwa yakan raina sanyin Ngaundere sai asuba ta yi.

Marwa kuma wani launi ne. Cikin gari inuwar dalbejiya ce ko'ina, keke na tafiya salin alin. Da ka fita sai yashi. Mayo Kaliyawo da Mayo Tsanaga a bushe suke da rani, kuma tsallaka su turawa ne, kada ma ka gwada takawa. Idan hanya ta yi yashi sama-sama, rage wa taya iska kaɗan, koma giya mai sauƙi, ka mayar da nauyinka baya, kada ka ƙanƙame kan keken. Dutsen Mindif yana wajen kilomita 25 kudu da gari, a tsaye shi kaɗai a fili kamar haƙori. Tun daga nesa za ka gan shi ka ce ai ga shi nan, ka yi ta takawa yana nan inda yake. Hangen Dala ba shiga birni ba. Ku zaga gindinsa, ku hau duwatsun da ke kewaye da shi, amma ƙolin na masu igiya da ƙugiya ne da suka koyi sana'ar. A wannan hanyar za ku ratsa karal, baƙar ƙasar nan da ake dasa muskuwari, wato dawar rani, bayan ɗaukewar ruwa. A Disamba dawar tana kore shar a tsakiyar rani, abin sha'awa, sai dai ƙasar ta tsattsage, ga sawun shanu da ya bushe ya yi tauri kamar ƙarfe. Ku bi hanyar da amalanke ya bi, kada ku yanke ta cikin gona.

Yanzu Rumsiki. Ba zan rage masa komai ba: tsaunukan Kapsiki, ragowar duwatsu masu aman wuta da suka tsaya cirko-cirko a cikin kwari, babu kamarsu a ƙasar nan. Daga Marwa zuwa Mokolo kusan kilomita 80 ne, daga Mokolo zuwa Rumsiki kuma wajen 50 ta Mogode, a hanya mai duwatsu da ke kwance wa keke kowane kusa. Iyakar Nijeriya na nan kusa ƙwarai, kuma mutanen da muke kira Kapsiki su ne ake kira Kamwe ko Higi a wajen Michika. Amma ka san abin da ya faru. A Fabrairun 2013 aka sace iyalin Faransawa bakwai kusa da Dabanga bayan sun fito daga gandun dajin Waza, a Nuwamban shekarar aka ɗauke wani limamin coci Bafaranshe a yankin Koza, daga nan baƙi suka ɗauke ƙafa, masu ja-gora da yawa muka koma wasu sana'o'in. Ƙauyukan kan iyaka a gundumomin Mayo Tsanaga da Mayo Sava sun sha hare-haren Boko Haram, har da nakiyoyin da ake binnewa a hanya. Lamarin ba ɗaya ba ne a ko'ina, kuma yana canzawa daga wata zuwa wata. Rumsiki da ke kudu ba daidai yake da Turu ko Kolofata ba. Shi ya sa ba ni ne zan ce muku ku je ko kada ku je daga nan Garwa ba. Ku isa Mokolo da mota, ku shiga ofishin jandarma da na hukumar gunduma da katin shaidarku, ku tambaya, ku kuma tambayi direbobin da suka bi hanyar a makon. Aka ce a'a, to a'a ce. Aka ce to, ku bar kekuna, ku ɗauki ɗan gari, ku yi yawon kwarin da ƙafa da rana, ku kwana a cikin gari. A shekarar 2025 UNESCO ta sa kufan gine-ginen dutse na Diy-Gid-Biy da ke duwatsun Mandara cikin wuraren tarihi na duniya, kamar yadda ta sa Sukur na ɓangaren Nijeriya tun 1999. Ina fatan wannan ya dawo da baƙi, amma takardar UNESCO ba ta tsare hanya.

Mai son tafiyar ƙafa ta kwanaki, irin wadda ake kwana a ƙauye, ya nufi Poli ya wuce Wangai ya hau duwatsun Alantika wurin mutanen Koma. Can babu zancen keke ko kaɗan, kuma ba a zuwa sai da ja-gora da masu taya ɗaukar kaya. A bar shi sai shekara ta biyu. Gandun dajin Binuwai da Faro da Buba Njidda kuwa ba wurin yawon ganin dama ba ne. Da izini ake shiga, da ma'aikacin gandu, akwai zaki da ɓauna, ga tsando a bakin rafuka.

Kayan da za ku riƙa ba su da yawa, amma abokin gabarku na farko ƙaya ce. Tsaida, 'yar ƙaramar nan mai ƙahoni da ke kwance a gefen hanya, ita ce ta fi cin taya, sai ƙayar aduwa da farar ƙaya. Kowa ya riƙe tib biyu sabbi, da faci, da sholisho, da famfo, da ƙarfen cire taya, da sifana daidai da kusoshin kekensa. Ku duba girman tayarku tun a gari: mai facin ƙauye ya saba da keken Phoenix na ɗaukar buhu, ba lallai ya ajiye tib ɗin da zai shiga naku ba. Kuma ku koyi yin faci da hannunku kafin ku fita. A daji babu kwanon ruwan da za ka tsoma tib ka ga kumfa. Hura shi za ka yi ya kumbura, ka riƙa zagaya shi a hankali kusa da leɓenka har ka ji sanyin iska na hura ka, ka shafa yawu a wurin, ya yi ƙwai, to nan ne. Ka kankare, ka shafa sholisho, ka jira ya bushe har ya daina kama yatsa, sannan ka manna. Masu gaggawa a nan suke faɗuwa. Kafin ka mayar, zagaya cikin tayar da yatsa ka nemo ƙayar da ta yi ɓarnar, don tana nan a maƙale tana jiran sabon tib. Sarƙa kuma a lokacin hunturu kada a cika mata mai, ƙura ce za ta taru ta zama kamar tokar wanke tukunya ta cinye haƙoran giya. Ɗigo kaɗan, a goge da tsumma.

Ruwa shi ne abin da ba a yi masa rowa. Ni lissafina lita ɗaya ga kowace awa ta tafiya idan rana ta ɗaga, kuma iskar hunturu mayaudariya ce, tana busar da gumi kafin ka gan shi, sai ka ɗauka ba ka rasa komai ba. Wanda ya fara ciwon kai, ko fitsarinsa ya yi ja ya ragu, a zaunar da shi a inuwa a haɗa masa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ruwan famfon burtsatse ya fi na rijiya buɗaɗɗiya, na ramin da ake tonawa a yashin mayo kuwa sai an tafasa ko an sa ƙwayar tsarkake ruwa. Yankin nan ya san kwalara. Lokacin tafiya daga sallar asuba ne zuwa ƙarfe 11, sai a nemi gindin tsamiya har la'asar, kuma magariba ta same ku a cikin gari. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, a jingine keken kawai.

Sai maciji, don kwarin Binuwai gidan kububuwa ne. Gajeriya ce, launinta na ƙasa, tana kwanciya a gindin dutse da cikin busasshiyar ciyawa, kuma dafinta hana jini daskarewa yake yi. Mutum na iya jin kamar ya warke, daga baya dasashinsa ya fara zubar da jini. Takalmi rufaffe da dogon wando, ba silifa ba. Kada ka cusa hannu a ramin dutse da ba ka ga cikinsa ba, da dare kuma ko bayan gida za ka, da tocila. In tsautsayi ya faɗa, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau da roba, ba ɓata lokaci wajen mai baƙin dutse. A cire zobe da agogo, a hana ƙafar motsi, a nemi babur ko mota a kai shi asibitin da ke da allurar dafin maciji. Shi ya sa nake son ku kasance huɗu: ɗaya ya zauna da shi, biyu su tafi neman abin hawa.

Ranar Lahadin nan ku gwada Pitowa, kowa da jakar da zai ɗauka a babbar tafiyar, cike da ruwanta. A hanyar dawowa ku lura da wanda ya fi zama a baya. Shi za ku riƙa sawa a gaba daga ranar, famfo da kayan faci kuma su zauna a jakar na ƙarshe.